Taku Goma Daga Wayar Manaja

Ƙarfe tara na safe aka kira Sufeto zuwa kamfanin da ke dillancin kayan wayar hannu, wai an yi sata. Da ya ji abin da aka sace, sai da ya nemi kujera.

"Iyafis? Abin sawa a kunne? A kansa kuka taso ni?"

"Ranka ya daɗe, mara igiya ne," in ji Manaja, gumi na tsattsafo masa. "Samfuri ne, shi kaɗai aka aiko mana. Dubi nan." Ya nuna wani zane a bango, layi ja ya yi sama, baƙi ya yi ƙasa. "Hasashen kasuwa ke nan. Nan da shekara uku ba mai sayen mai igiya. Lasifika, agogo, mota, komai da Bulutut zai riƙa haɗuwa."

Sufeto ya gyaɗa kai kamar ya gane. Wallahi bai gane ba. Shi da ko rediyon motarsa matarsa ce ke saita masa.

"Wa ya taɓa shi?"

"Ba kowa. Ko kwalinsa ban buɗe ba. Ga ɓarauniyar can, ita ke riƙe da makullin sito. Ku tafi da ita kawai."

Mai Sito tana tsaye a bakin ƙofa da tsohon ciki, idanu sun yi ja. Ta san in ta shiga motar 'yan sanda, aiki ya tafi, suna ya ɓaci.

"Kin taɓa ajiye makullin?" in ji Sufeto.

"Ko sau ɗaya."

Sufeto ya zuba mata ido. Ta sunkuyar da kai. "Jiya da yamma na bar shi kan tebur, na zagaya banɗaki. Minti biyar ne, yallaɓai."

A lungun bayan sito akwai wani dattijo, kowa Baba Dalma yake ce masa. Shi ke liƙe iyafis da caja in igiyarsu ta tsinke. Tebur cike da guntayen igiyoyi da gwangwanayen ƙusoshi.

Sufeto ya ƙarasa wajensa. "Baba, ka ga abin nan?"

"Ɗana, ni ko kamarsa ban sani ba."

Sufeto ya dawo ofis kansa ya ɗaure tam. Kofur ɗin da ya zo da shi ya binciki jakar kowa, ya leƙa har kwandon shara, babu. Mai gadi ya rantse ba wanda ya fita da komai. To aljani ne ya ɗauka?

Ana cikin haka wayar Manaja ta yi haske. Ya ɗauka, ya yi ta "Halo! Halo!" sannan ya jefar da ita kan tebur da tsaki. "Tun safe haka take min. In ina nan ofis ba na jin mai kira, in na fita titi sai ta warke. Yau dai na ga ta kaina."

 Sai Sufeto ya yi irin tambayar da yake jin kunyar yi. "Shi abin nan, tunda ba igiya, yaya yake sanin wayar da zai bi?"

"Sau ɗaya ake haɗa su. Daga nan in suna kusa, kamar taku goma, da kansa yake janye sautin..." Manaja ya tsaya, baki buɗe.

"Ka ce ko kwalinsa ba ka buɗe ba."

"Waƙa ɗaya kawai na ji da shi jiya, ranka ya daɗe."

"Allah ya shirye ka. Kunna waƙar, ka ƙure sauti. Kowa ya yi tsit."

Wayar ta nuna waƙa na tafiya, amma ba a jin komai. Sufeto ya fara takawa yana ƙirgawa. A taku na bakwai, ta bayan sito, ya ji wani siririn kiɗa kamar kukan sauro. Daga cikin gwangwanin ƙusoshin Baba Dalma yake fitowa.

Ya zazzage gwangwanin. Kunne ɗaya na ta waƙarsa, ɗayan kuwa an farke shi gida biyu.

Dattijon bai yi gardama ba. Ya cire tabarau.

"Kullum sai na wuce ta gaban zanen can. Baƙin layin nan ni ne, ɗana. Shekara ashirin da shida ina liƙe igiya. Da na ga makulli kan tebur jiya, na ce bari in ɗauko abin in buɗe in koyi gyaransa kafin a sallame ni, in mayar da safe. Da na buɗe, ban ga inda zan kama ba. Kuma ya ƙi rufuwa."

"Shi ne ka bari a tafi da mai ciki?"

Baba Dalma ya juya wajen Mai Sito. "'Yata, na so in yi magana, tsoro ya hana ni. Ki yafe min."

Kuka kawai ta fashe da shi.

Kofur ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Tausayi ya kama shi, don shi ma yau ya ɗanɗana yadda zamani ke wuce mutum. Amma aiki aiki ne.

"Mu je, Baba."

Dattijon ya miƙe. Sai da ya zare ƙarfen liƙinsa daga soket, ya naɗe igiyarsa a hankali ya ajiye, sannan ya bi su.