Yayan Gimbiya

"Wane yaya kuma?" Gimbiya ta ɗago daga kan injin kwafi tana kallon Auta sama da ƙasa. "Ke, lafiyarki ƙalau? Mu biyar ne a gidanmu, duk mata! Ko jiya aka haifa mini shi da gemunsa?"

Auta ta tsaya da tulin takardu a hannu. Shekara uku ke nan suna aiki tare a shagon buga takardu, ba ta taɓa jin ƙawar tata ta ambaci wani wa ba. Ta ɗauka ko ɗan baffa ne.

"Umma ce ta ce in yi miki godiya. Wai yayanki yana zuwa duk Laraba ya yi wa Abba aski, ya yanke masa farce. Har tayar kekensa ya gyara..."

"To wallahi aljani kuka samu! In ya gama da ku ki turo mini shi, ƙofar banɗakinmu ta ɓalle." Gimbiya ta tuntsire da dariya, da ta ga fuskar Auta sai ta haɗiye sauran. "Ai yau Laraba ce. Ɗauki jakarki ki je ki gani, ni zan ji da mai shago. Amma tsaya... shi Malam fa? Har yanzu ce masa kike Abba ya yi tafiya?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Allah ya shirye ki, ƙawata."

A cikin mota maganar ta yi ta cin ta. Malam lissafi yake koyarwa a makarantar da ke bayan shagonsu. Takardun jarrabawa ya kawo bugu, ya tafi da zuciyarta. Wata takwas ke nan, sau huɗu yana roƙon ta kai shi ya gaida mahaifinta, sau huɗu tana ce masa Abba ya yi tafiya. Ko rakiya ya yi mata, a bakin kwana take sallamarsa.

Alhali Abba yana nan a falo, cikin keken guragu. Shekara biyu da ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana sai da ƙyar. Ita ke ba shi abinci da cokali, ita ke goge masa yawu, kuma Allah ya sani tana son sa kamar ranta. Sai dai wanda ya fara neman ta ya taɓa shigowa falon nan, ya kalli Abba sau ɗaya, daga ranar wayarsa ba ta ƙara shiga ba. Tun daga nan tsoro ya zauna mata a ƙirji.

A ƙofar falo ta ga wasu takalma da ta sani. Ruwan ƙasa, da ƙurar alli a hancinsu. Daga ciki ta jiyo muryar Malam.

"...sai yaron ya ce mini, Malam, in dai bakwai sau takwas ne, gara a dake ni kawai a huta!"

Wani sauti ya biyo baya, kamar tari kamar shaƙuwa. Sai da ta saurara ta gane dariyar Abba ce. Rabon da ta ji ta, ta manta.

Jakarta ta suɓuce ta faɗi. Malam ya waiwayo, reza a hannu, hannun riga a naɗe. Rabin fuskar Abba fes, rabi cikin kumfa.

"A'a, ma'aikata sun dawo da wuri?" Umma ce ta fito daga kicin tana goge hannu. "Ga yayan Gimbiya nan. Ba za ki gaishe shi ba?"

"Umma..."

"Ranar da kika manta wayarki a caji, Abbanku ya zame daga keke a banɗaki. Na yi na yi in ɗaga shi na kasa. Na kira Gimbiya, ba ta ɗauka ba. Na ga an rubuta Gimbiya ta biyu a ƙasa, na danna. Sai na ji Gimbiya da muryar gardi! Ashe da sunanta kika ɓoye lambarsa." Umma ta riƙe haɓa. "Na kwatanta masa gida, kafin in ajiye wayar kirki ya iso yana haki. Ni na ce ya yi shiru, ni na laƙa masa yayan Gimbiya. So nake in ga ranar da za ki buɗe baki da kanki."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta kasa kallon Umma, ta kasa kallon Malam, sai tabarma.

"Sati shida ina jira, Auta," ya ce a hankali. "Jiya ma na tambaye ki. Kika ce sai ƙarshen wata zai dawo daga tafiyar."

Yana rufe baki ya gane ya yi ɓaranɓarama. Abba ya juyo da ƙyar, idonsa a kan 'yarsa.

"Ta... fi... ya?"

Ashe shi ba wanda ya gaya masa.

Auta ta durƙusa a gaban keken, hawaye na zuba.

"Ni ce, Abba. Ni na ce ka yi tafiya. Ɓoye ka na yi... Na ji tsoron ya gan ka ya gudu kamar wancan. Abba, kai da ka ɗauke ni a wuya ka kai ni makaranta, ni na ji kunyarka! Ka yafe mini, don Allah ka yafe mini..."

Yawu ya gangaro ta gefen bakinsa. Ta miƙa hannu da tawul kamar yadda ta saba, sai ya kau da kai ya fuskanci bango.

Wannan kau da kan ya fi mari zafi.

Malam ya ajiye reza a cikin kwano. "Ina da shekara tara na rasa nawa uban," ya ce. "Ban taɓa samun gemun da zan aske ba sai a gidan nan. Kika hana ni shi wata shida, sanyin idona. Abin da ya yi mini ciwo ke nan, ban da shi ba komai."

"Kai, a gabanmu?" Umma ta ce, ita ma tana share ido da gefen mayafi.

Auta ba ta tashi ba. Ta kifa goshi a kan gwiwar Abba, wadda ba ta jin taɓi, tana kuka har kafaɗunta na girgiza. An jima haka. Can ta ji ana jan tawul ɗin daga hannunta. Abba ne, da hannunsa mai lafiya. Ya ɗago haɓarta, ya shiga goge mata fuska a karkace, yana shafa mata kumfar sabulu a kumatu ba tare da ya sani ba.

Ta kama hannun ta riƙe gam. Sannan ta juya, a karo na farko ta dubi Malam ido cikin ido.

"Malam," ta ce da dusasshiyar murya, "ga Abbana. Abba, wannan shi ne... shi ne wanda nake so."

Malam ya gyara hannun rigarsa, ya durƙusa har ƙasa kamar yau ya fara shigowa. "Barka da rana, Abba. Na zo gaisuwa."

Abba ya dubi saurayin, ya dubi 'yarsa. Gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga sama. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, su uku suna jira ba mai ko tari.

"Na... ri... ga... ki... son... sa."