Ba Ma'aikaciyarmu Ba Ce

Rana ta take tsaka aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa wata mai gyaran ɗakuna ta mutu a otal. Sufeto ya ture shayinsa da ya riga ya huce, ya miƙe da ƙyar saboda ciwon gwiwa, ya ce da Kofur ya tayar da mota.

Ta ƙofar baya manaja ya shigo da su, wai kada baƙi su ga kaki hankalinsu ya tashi. Sai ƙamshin turare yake yana murza hannu.

"Yallaɓai, ba ma'aikaciyarmu ba ce fa. Kamfanin kwangila ke kawo mana su. Asma gare ta, ta faɗi a sito, shi ke nan. A taimaka a ɗauke ta da wuri."

"Ba taku ba ce, amma gadajenku take gyarawa?"

"Haka tsarin yake."

Sufeto ya nufi siton. Ya gaji da jin kalmar nan a bakin masu kwat.

Siton yana can ƙarƙashin bene, ba taga, ba fanka. Wari ya daki hancinsa har sai da idonsa ya kawo ruwa. An goge ƙasa fes, amma ga jarkoki biyu babu komai a ciki, ɗaya ta ruwan wanke bayi, ɗaya ta mai faranta zannuwa. Matar tana kwance kan tarin tawul, matashiya ce, an lulluɓe ta da zanen gado. Ya ɗaga hannunta. Farata sun kakkarye, ga koren fenti a ƙarƙashinsu. Ya leƙa bayan ƙofa, duk an yakushe ta. Daga waje kuwa akwai maƙalin kwaɗo, amma babu kwaɗon.

Aka kira mai kula da masu sharar. Anti Agogo matan suke ce mata a bayan idonta, don ko gaisuwa ake yi tana duba hannu.

"Wa ke kulle ƙofar nan?"

"Ba a taɓa kulle ta ba, Yallaɓai. Ita kaɗai ta sauko ɗaukar tawul. Sauran duk suna sama suna aiki."

"Wa ya goge ƙasa?"

"Ai mu aikinmu ke nan."

Kai, matar nan akwai taurin ido! Sufeto ya bar ta, ya ja ƙafa zuwa bakin get wurin maigadi.

"Baba, su wa suka shigo yau da safe?"

"Jami'an ƙwadago, ranka ya daɗe. Sun zagaya, sun yi hira da ma'aikata, manaja ya zaunar da su cin abinci. Sun daɗe kam."

Sufeto ya nuna wasu jakunkuna jibge a kusurwa. "Waɗannan fa?"

"Na masu shara ne. Ba a barinsu su shiga da jaka ko waya, wai kada su yi sata."

Ya sa aka ware masa ta mamaciyar. Abin shaƙarta na asma yana ciki, kusa da ɗankwali.

Ya tara matan a ɗakin wanki. Kowacce ta ce tana sama, ba ta ga komai ba. To amma kowacce idonta jajawur, kuma tari suke ta yi kamar an haɗa baki. Ɗaya ce kawai ta ware gefe, tana jingine da injin wanki tana kallon ƙasa. Kofur ya raɗa masa cewa yayar mamaciyar ce.

Sufeto ya sallami sauran, ya jawo mata kujera.

"Baiwar Allah, me ya sami idonki?"

"Kuka ne."

"Tarin ma kuka ne?"

Ta ce, "Yallaɓai, an ce duk wadda ta buɗe baki kada ta dawo gobe. Ga 'ya'yana, ga kuma nata yanzu sun dawo kaina. Ina zan sa kaina?"

Tausayinta ya kama shi. Ba zai yi mata ƙarya ba.

"Ba ni da ikon tsare miki aiki. Amma in kika yi shiru, asma zan rubuta, a rufe magana yau."

Sai ta fashe da magana.

"Duk ranar da jami'an nan za su zo, a sito ake kulle mu har su tafi, don kada su tambaye mu ɗaki nawa muke gyarawa, ko ina safar hannu, ko yaushe muke hutu. Yau a cikin duhu wata ta yi tuntuɓe da jarkoki, suka zube suka haɗu. Numfashin ƙanwata ya sarƙe. Muka yi ta bugun ƙofa. Anti ta zo, na ji muryarta da kunnena, ta ce mu rufa mata asiri, saura kaɗan su tafi. A cinyata ƙanwata ta cika."

Ba a sha wahalar neman kwaɗon ba. Kofur ya zaro shi daga ƙasan keken tura kayan Anti, an naɗe shi a cikin rigar matashin kai. Da Anti ta gan shi a hannun Sufeto, sai ta zauna a ƙasa.

"Ni na kulle. Na ji bugun. Manaja ya ce in aka ga ko mutum ɗaya, kamfaninmu ya rasa kwangilar, ni ce farkon kora. Wallahi na ɗauka za ta jure."

Kofur ya sa mata ankwa. Sufeto ya ce a haɗa da manaja, wanda tuni ya fara kiran lauya. Ya san cikin biyun nan wanda zai kwana a gidansa, abin ya ƙara masa gajiya. Ta ƙofar gaba ya sa aka fita da su, baƙi na kallo.

Motar asibiti ta iso, aka ɗauko gawar. Yayar ta biyo ta har bakin get, sai ta ja ta tsaya, ta waiwayi benen. Ta matso kusa da Sufeto, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Yallaɓai, ban gama ɗakunana ba. In na bi ta, za a ce na gudu daga aiki?"