Sallamar da Aka Yanke

Ranar Laraba ce, tsakiyar damina. Hadari ya haɗu a gabas tun azahar, bai zuba ba, bai watse ba. Iska ta tsaya cik.

Ina gona a Dogarawa waya ta yi ƙara. Hafsatu ce, matar Abdulrazak ɗan ƙanwata, wanda yake waƙa a Konni. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce in zo yanzu, kuma in zo da goge. Ban tambaye ta dalili ba. Na riga na sani.

Sunana Rabo. Goge na gada daga ubana, na bori. Na ajiye shi shekara ashirin da suka wuce, na rataye a rumbu, na kama sallata. Bayan ƙaramar Sallah Abdulrazak ya zo da goro da shadda, ya ce sauti irin na da yake so a sabuwar waƙarsa. Na ƙi sau biyu. Na uku uwarsa ta sa baki, na bi shi.

Ɗakin ɗaukar sautinsa yana bayan gidansa. Sitidiyo suke ce masa. Bango duk soso, ƙofa mai nauyi kamar ta banki. An raba ɗakin biyu da gilashi. Ɓangare ɗaya kwamfuta da manyan lasifika biyu da wani faranti mai maɓallai kamar ɗari. Ɗaya ɓangaren kujera ce kawai da makirufo. In ka shiga nan ka rufe, har bugun zuciyarka kana ji.

Na ja masa kiɗa huɗu, bai so ba. Hannuna ya zame ya faɗa kan taken wata da ba a faɗin sunanta. Mu dai Mai Munduwa muke ce mata. Ya buga gilashi yana dariya, ya ce wannan yake so.

Kowane take yana da kai, yana da wutsiya. Kai shi ne kira. Wutsiya ita ce sallama: a hankali ake janta, a ɗaga bakan goge sau uku, wanda aka kira ya koma inda ya fito. Na ja duka biyun. Da na fito na gaya masa ya yi yadda ya ga dama da kiɗan, amma kada ya raba kai da wutsiya.

Ya nuna mini sautin a fuskar kwamfuta, kore, kamar tsefe. Ya ce wutsiyar ta yi sanyi, ba mai taka rawa da ita. A gabana ya datse ta. Ya ɗauki kiran ya jera, ya jera, ya jera, har ƙarshen waƙa.

"Kawu, iskokinka ba su iya kwamfuta ba," in ji shi.

Na ɗauki gogena na fita. Ko ruwan gidansa ban sha ba. Kwana arba'in ke nan ranar da Hafsatu ta kira.

Na sami mota a bakin kwalta, na sauka Konni rana tana ja, na hau kabu-kabu. Hafsatu tana ƙofar gida, idonta ya kumbura. Ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce kwana uku bai fito daga ɗakin ba, bai ci ba, bai sha ba. Ta ce tun jiya ta sa an kashe wutar gidan gaba ɗaya don kiɗan ya tsaya.

"Ya tsaya?"

Ta girgiza kai. "Kawu, saurara."

Na saurara. Ta cikin wannan ƙofa mai kauri gogena ke fitowa. Kira. Ya katse. Kira. Ya katse.

Na ce ta tsaya waje ta yi ta karanta abin da ta iya. Na tura ƙofa.

Wari ya fara tarar ni. Ba warin mutum ba. Warin tsohuwar rijiya, da lalle, da jiƙaƙƙen zane. Soson bango ya jiƙe, yana ɗiga. Kwamfuta a mace take, fuskarta baƙa. Fanka ba ta motsi. Amma fatar lasifikan nan biyu tana shiga tana fita kamar cikin saniya.

Abdulrazak yana kan kujerarsa, abin ji a kunne, hannu a kan maɓallai. Leɓɓansa sun tsage. Ya ga ni. Idonsa ya kawo ruwa.

"Kawu, don Allah ka..."

Ya katse.

"Kawu, don Allah ka..."

Ya katse. Wuri ɗaya, murya ɗaya, har haɗiyar miyau iri ɗaya. Hafsatu ta gaya mini daga baya cewa tun Lahadi ba abin da ya fito bakinsa sai wannan.

Gaskiya zan faɗa. Na tsaya ina kallonsa, na tuna dariyar da ya yi mini, kuma ban ji tausayinsa nan take ba. Na bar shi ya faɗa sau bakwai. Sannan na tuna ƙanwata.

Ta makirufo aka kira Mai Munduwa. Ta nan za a sallame ta. Na shiga ƙaramin ɗakin. Ban rufe ƙofa ba. Ta rufe kanta.

Kiɗan ya ɗauke. Shiru irin na kabari.

Na zauna. Na shafa wa bakan goge ƙaro. Jar fitilar da ke kan gilashi, wadda take kamawa in ana ɗaukar sauti, ta kama. Gidan babu wuta.

Sai na ji munduwa.

Kacau. Bayana.

Kacau. Kusa da kunnen hagu.

Ban juya ba. Ubana ya hana. Amma gilashi yana gabana, ya zama madubi. Na ga kaina. Na ga Abdulrazak can ciki. Na ga hannu dogo, baƙi da lalle, munduwa har gwiwar hannu, a dafe a kafaɗata. Ɗaya hannun yana can ɓangaren, a maƙogwaron yaron. Tsakaninmu ya fi taku biyar.

Sanyi ya ratsa ƙashina.

"Rabo ɗan Alkasum." Raɗa ce, kamar ana jan zane a ƙasa. "Ka san sau nawa?"

"Ban sani ba, Inna."

"In zo, ba mai ce mini sannu. In juya, a kira. In zo. In juya. Kwana arba'in ban zauna ba."

"Ba ni na yanke ba."

"Hannunka ya kira."

Na ɗora baka a tsirkiya na fara sallama.

Tsirkiyar goge gashin wutsiyar doki ne, sili-sili a haɗe. Ja na farko, sili ya tsinke. Na biyu, wani ya tsinke. Suna tsinkewa suna marin fuskata. Sallama ba ta son gaggawa. In ka yi sauri ba ta karɓuwa. Na daure na ja a hankali, ina ji tana ragewa a ƙarƙashin yatsuna.

Na ɗaga baka. Ɗaya.

Hannun ya matse kafaɗata. Ta gilashi na ga idon Abdulrazak ya juye.

Biyu.

Numfashinta a wuyana. Ruwa yana bin ƙafata.

"In na ƙi fa?"

"To ki ɗauke ni. Ni na gada. Shi wawa ne kawai."

Saura sili huɗu ko biyar. Na ja.

Uku.

Jar fitila ta mutu. Ƙofa ta buɗe. Daga masallacin unguwa aka kira magariba, ruwa kuma ya ɓarke a kan kwano kamar ana zuba tsakuwa.

Munduwa ta yi nisa. Daga bakin ƙofa raɗar ta sake zuwa.

"Nan na tashi. Amma har yanzu ana kirana."

Muka ja Abdulrazak waje ni da Hafsatu. Ya sha ruwa, ya yi amai, ya sake sha. Ya kama ƙafata ya ƙarasa maganarsa, ya ce don Allah in yafe masa. Na ce ya tashi. Na tambaye shi waƙar tana wurin wa. Ya sunkuyar da kai. Ya ce tun sati huɗu ya ba masu tura waƙa a waya na tasha. Ta kai Malbaza, ta kai Illela, ta ƙetara iyaka.

Yana magana yanzu, yana ci, yana sha. Waƙa dai ta ƙare masa. Duk wadda ya fara, a tsakiya take yankewa, ko ta wasan yara ce. Kayan sitidiyo suna nan sun yi tsatsa, ba wanda ya taya. Ni kuma ƙaramin yatsana na hagu bai ƙara motsi ba tun ranar.

Washegarin wannan ranar, da gari ya waye, na je wurin mai doki a bayan kasuwa na samo gashi, na ɗaura sabuwar tsirkiya. Na tafi tasha. Na shimfiɗa buhu kusa da teburin mai tura waƙoƙi, na zauna. Ba a jima ba wani direba ya kunna waƙar a motarsa. Na jira ta ƙare. Na ja sallama da yatsu uku, a hankali, na ɗaga baka sau uku.

Kafin in sauke hannu, wata waya ta fara a can gefen masu shayi.