Haɗa Ni da Gida

Magariba ta riski direban tanka a tsakiyar daji, mota ta mutu, waya kuma ba sabis. Ya ɗauki rediyon oba-oba ya kira tasharsu.

"Ɗan'uwa, haɗa ni da wayar gida, kada hankalin iyali ya tashi."

Rediyon ya yi shuu, sai ga muryar matarsa a sanyaye, tana jan magana.

"Baban yara, buɗe min ƙofa mana."

Ya yi dariyar yaƙe. "Wace ƙofa kuma? Ina daji fa."

Sai mai tasha ya katse shi: "Direba, layin bai shiga ba tukuna. Da wa kake magana?"

A hankali, hannun ƙofar motar ya fara motsi.