Hannu Biyu a Kan Adireshi Ɗaya

Ranar da Dogo ya fara aiki a kamfanin kai saƙonni, kujera ɗaya ce ta rage, wadda ke kusa da firinta mai cin takarda. Gefenta wata budurwa ce mai gilashi, 'yar Manaja.

"Malam, ka zauna mini a kan caja," ta ce.

Ya miƙe a rikice. Daga ranar sonta ya kama shi, bai sake dawowa daidai ba.

Aka ba su gyaran adireshi dubu arba'in a rumbun bayanai. Don sauri suka raba manhajar gida biyu, kowane ɓangare na gudu lokaci guda da ɗan'uwansa. Nasa ya gwada, lafiya lau. Nata ma haka. Da suka sake su tare, nasa ya riƙa karanta adireshi, kafin ya rubuta nata ya canza shi, sai nasa ya danne da tsohon. Ba wanda ya sa makullin da zai hana ɓangare ɗaya taɓa adireshin da ɗayan ke aiki a kai. Kayan mutum ɗari uku suka tafi gidajen da ba nasu ba.

"Sunan mai laifi ɗaya nake so kafin ƙarfe huɗu," in ji Manaja. "Kai kuma Dogo, mai cewa yana son 'yata, ka fara iya tsare adireshi."

Dogo ya koma kujerarsa. Aikinsa daidai, nata daidai, to laifin a ina yake zaune? Ya tura mata saƙo: "Gilashina, kada ki ce komai."

"Kai ma haka, Dogona," ta amsa.

Ya ɗauka ta bar masa laifin, abin ya sosa masa rai. Ita ma haka ta ɗauka. Duk da haka kowannensu ya rubuta wa Manaja a ɓoye.

Manaja ya kira su, yana jujjuya waya.

"Saƙo biyu, minti ɗaya, kowa na cewa shi ne. Wa zan kora?"

"Ni, Baba."

"Ni dai, ranka ya daɗe."

"Ko amsa laifi ba ku iya yi bi da bi ba!" Ya dafe kai. "Ku je ku gyara. Kowane ɓangare ya kulle kafin ya taɓa, in rukunin adireshin da ake gyarawa ya samu matsala a mayar da shi duka yadda yake. Kai kuma ka turo manyanka. Na ga raba ku ne ke jawo ɓarna."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Har yau Dogo bai gano mai laifin ba, amarya kuwa ta hana shi bincike. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.