Gaisuwar Kabo Ta Ranar Juma'a

"Wane ne Jibril?"

Raihana ta ɗago kai daga tsintar shinkafar da take yi. Mijinta Musaddiq yana tsaye a bakin ƙofa, tef ɗin awo rataye a wuyansa, wayarta a hannunsa.

"Sannu da zuwa, Masoyi..."

"Ba sannu na tambaye ki ba! Wane ne Jibril Rediyo da kike kira duk ranar Alhamis?"

"Wayata ka buɗe?"

"Na buɗe! Ko ban buɗe ba ai duk Daura ta ji!"

Ɗazu bayan la'asar yana shagonsa na ɗinki kusa da rijiyar Kusugu, rediyo na kunne, ana shirin gaishe-gaishe na ranar Juma'a daga wata tasha ta Kano. Da za a rufe shirin sai mai gabatarwa, Jibril ɗin, ya sassauta murya ya ce, "Ban manta da Raihana ta Daura ba, tawa ta kaina!" Majalisar ƙofar shago ta kwashe da dariya. Mansur mai shayi har da tafi: "Tela, ashe kai ka ɗinka, wani ya saka!" Musaddiq ya yi dariyar yaƙe, ya karya allura, ya rufe shago.

"Haka yake ce wa kowa," in ji Raihana a hankali. "Salon masu rediyo ne."

"To me kike gaya masa da har ya san sunanki?"

Ta mai da kanta kan tsintar shinkafar.

"Ki faɗa mana!"

"Ba zan iya ba... Wallahi ba abin da kake zato ba ne."

"To ki ji. Daga yau in kika sake kiran mutumin nan, ban yafe ba!"

Farantin ya karkace a cinyarta, shinkafa ta zube. "Masoyi, don Allah... ko na Alhamis mai zuwa kaɗai..."

Wannan roƙon ya fi komai ƙona masa rai. Ya ajiye wayar ya fice.

Ba ta kira ba. Shi ya san ba ta kira ba, domin ya duba, kuma ya ji kunyar kansa da ya duba. Ranar Juma'a ya ƙure muryar rediyo a shago, ya kasa kunne har aka rufe shirin. Ba a ambaci Raihana ba. Ya yi zaton zai ji sanyi, sai ya ji yana tambayar kansa: ko Jibril ya yi kewarta?

Washegari da hantsi ya dawo gida ya tarar tana cusa kaya a jaka, idanunta jawur.

"Ina zuwa?"

"Garinmu, Babban Mutum. Iya ta kira. Baba ya kashe rediyonsa tun jiya, ya juya fuska bango, ko fura ya ƙi sha."

Iya ƙanwar mahaifinta ce, ita ke kula da shi tun bayan rasuwar mahaifiyar Raihana.

"Subhanallahi! Me ya same shi?"

"Kai!" Ta juyo, hawaye na zuba. "Kai ka same shi! Kana son sanin abin da nake gaya wa Jibril? To saurara. Baba yana da amini a Kano, Kabo. Tun ba a haife ni ba suke gaida juna ta rediyo duk Juma'a. Duk abokan sauraronsu sun mutu, saura su biyu. Bara Kabo ya rasu. Likita ya ce zuciyar Baba ba ta son firgici, sai na ɓoye masa. Ni nake kiran Jibril in ba shi gaisuwa da sunan Kabo. Jiya Baba ya jira... ba a gaishe shi ba."

Musaddiq ya jingina da bango. "Me ya hana ki gaya min?"

"Don na san ka. Kai da in an tambaye ka ko ɗinki ya yi kyau ba ka iya cewa e in bai yi ba. Da ka je ka faɗa masa."

"Ai ƙarya ce, Raihana. Kina sa matacce yana magana..."

"Na sani."

"Kuma shi Jibril ya san sirrin gidanku, ni mijinki ban sani ba!"

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. "Har yanzu Jibril? Mahaifina yana kwance, kai Jibril kake gani?" Ta saɓi jakarta. "Na bi umarninka, ga abin da ya haifar. Ka ba ni izini in tafi. Amma ban san ranar dawowata ba."

Ya ba ta izini da ka.

Mako ya yi masa tsawo. Yana taka keken ɗinki yana juya maganar. Ƙaryar da ke sa tsoho cin abinci, da gaskiyar da za ta iya kwantar da shi, wacce ta fi kusa da tsoron Allah? A ƙarshe ya yanke shawarar zuwa ya faɗa wa Baba komai. Amma a can ƙasan ransa ya san abin da ke tura shi. In Baba ya san Kabo ya mutu, babu sauran dalilin kiran Jibril. Ya rasa gane ko son gaskiya ne zai ɗora shi a kan babur, ko kishi ne ya ari rigarta.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kama hanya, ta Sandamu har Babban Mutum.

Ya tarar da surukinsa Malam Amadu kwance a tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Ya rame. A gefensa ga tsohon rediyo mai rigar fata, an rufe shi da ɗankwali, wata siririyar waya ta fito daga bayansa ta haye reshen bishiya. Raihana tana bakin murhu. Ta gaishe shi kamar baƙo.

Musaddiq ya durƙusa. "Baba, ya jikin naku?"

"Da sauƙi, ɗana. Matso."

"Baba... akwai maganar da nake son faɗa muku. Game da Kabo."

Ludayi ya faɗi daga hannun Raihana. "Masoyi, don girman Allah..."

"Bar shi, Auta," in ji tsohon. "Zai gaya min Kabo ya rasu ne. Na sani tun bara."

Raihana ta miƙe zumbur daga bakin murhu.

"Baba! Wa ya gaya muku?"

"Ke kika gaya min. Zauna." Ya yunƙura, Musaddiq ya tallafe shi ya jingina da bishiya. "Ku yaran yanzu tashoshi sun yi muku yawa, kowa da waya a hannu, ka kira a sa ka nan take. Mu a zamaninmu tasha ɗaya muke kamawa daga Kano. Kati ake saya a kasuwa, ka je wurin mai iya boko ya rubuta maka sunayen waɗanda kake gaisarwa, ka ba direban motar Kano. Sai ka yi ta jira. Batir in ya yi sanyi mu shanya shi a rana. Ran da aka karanta sunanka kuwa, har kasuwar dabbobi ana nuna ka. Tashar nan ma an ce yanzu shaguna ne a wurin."

Ya yi tari, ya dubi Musaddiq da wani ɗan murmushi.

"Ka san abin da ya sa na sayi rediyon nan? Kishi."

Musaddiq ya sunkuyar da kai.

"Ina neman auren Hadiyya, mahaifiyar Auta, sai aka ce min wani Kabo na Kano, mai zuwa sayen awaki garinmu, yana gaishe ta a rediyo. Na sayar da tunkiyata na sayi wannan don in ji da kunnena. Na ji kuwa! Na hau mota har ƙofar gidan rediyon da sandata a hannu. Na tarar da masu sauraro cike a gindin wata bishiya, kowa da katinsa. Aka nuna min shi, wani ɗan siriri mai haƙoran gaba. Na ce, kai ne Kabo? Ya ce, kai ne Amadun da ya kayar da ni? Zo mu ci tuwo, sandar ta huta."

Iya ta fashe da dariya daga ƙofar ɗaki. "Haka ya dawo da sandar da ƙunshin goro!"

"Daga ranar muka ƙulla. Amma ɗan banzan bai taɓa aiko gaisuwa bai sa sunanta ba. Ina gaida Amadu Mai Rediyo, da Hadiyya da ya ƙwace min! Duk Juma'a sai raina ya sosu, duk Juma'a sai na kunna. Da ta rasu ya koma cewa, Allah ya jiƙan Hadiyya. Bai taɓa tsallakewa ba." Ya dubi rediyon. "Ran da na ji an gaishe ni babu sunanta, na san Kabo ya tafi. Da yaron rediyon ya ce Raihana ta Daura kuma, na san mai aikowa."

Raihana ta rufe fuska da mayafi. "Me ya sa ba ku faɗa ba, Baba?"

"In faɗa ki daina? 'Yata tana can gidan miji tana tunawa da ni duk mako. Da na ji shiru sai na ce ɗayan biyu ne: ko Auta ta gaji da tsoho, ko mijin nan nata ya ji an ce tawa ta kaina. Duk wanda ya kasance, abinci ba zai shiga ba." Ya kama hannun Musaddiq. "Ban ce kada ka yi kishi ba, ɗana. Ni har gobe ina yi. Amma ni sandata Kano na kai ta. Ban sauke ta a kan Hadiyya ba."

Musaddiq ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya zo da gaskiyarsa a hannu, ya tarar babu mai bukatarta.

Ya dubi inuwar bishiya, la'asar ta yi. Ya janye ɗankwalin daga kan rediyon, ya murɗa. Bayan 'yar shashshaka sai ga muryar Jibril, tana nan da zaƙinta mai ban haushi. Ya miƙa wa matarsa hannu.

"Ba ni lambar shirin."

Ta miƙo masa wayar. Sai da ya yi ta gwadawa kafin ta shiga.

"Salamu alaikum, da wa muke magana?"

"Musaddiq tela... daga Daura." Ya ji muryarsa tana fitowa daga cikin rediyon. "Ina gaida surukina, Amadu Mai Rediyo na Babban Mutum. Ina roƙon masu sauraro su yi wa amininsa Kabo na Kano addu'a, Allah ya jiƙansa. Allah ya jiƙan Hadiyya. Sannan ina gaida matata Raihana... ina ba ta haƙuri. Kuma tawa ce, Malam Jibril. Ni kaɗai!"

"Allahu akbar! Allah ya jiƙansu da rahama," in ji Jibril, sannan ya tuntsire da dariya. "An ji, an kiyaye! Mun gode, Musaddiq na Daura, nawa na kaina!"

Iya ta riƙe ciki. Raihana tana kuka tana dariya. "Ka ji ko? Yanzu ni zan fara duba wayarka!"

"Za ki dawo gida ki duba?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Sai na ga Baba ya ci abinci."

Malam Amadu bai ji su ba. Ya ɗora tafinsa a kan rediyon, hawaye na bin gemunsa, yana ta amsa amin. Can ya share fuska da bakin rigarsa.

"Ɗan banza Kabo," ya ce. "Yau ma sai da aka haɗa sunansa da nata... Auta, dama min furar nan."