Kurnar da Maiguwa Ya Shayar da Baƙin Mai

Magariba ta kawo jiki a tsohuwar unguwar Ibohamane, Fatsima na kwashe tuwo, mijinta Maiguwa na alwala, sai dutse ya faɗo tsakar gida. Na biyu ya daki ƙofar ɗaki. Na ukun ya sauka cikin tukunyar miya, a hankali, kamar da hannu aka ajiye shi.

Daga bayan gida jifar take zuwa, inda Maiguwa ya ja sabuwar katanga. A wannan unguwa meri, wato ofishin magajin gari, ta hana rushe tsohon gini, ta hana saran ɗanyen icce, ga kuma wata kurna tun ta kakanni tsaye daidai inda katangar za ta bi. Busasshen icce kuwa, ana ba da takardar izinin saransa ba gardama. Maiguwa mutum ne mai jin ya fi kowa wayo. Ya tone gindin kurnar, ya tuttula mata baƙin mai, ya mayar da ƙasa. Cikin wata biyu ta bushe. Da ƴan gandun daji suka zo dubawa suka ji warin mai, sai ya tuna musu, cikin ladabi, cewa maƙwabcinsa Isaka bakanike ne. Aka kira Isaka meri, aka ci masa mutunci gaban jama'a. Maiguwa ya karɓi takarda, ya sare, ya yi gininsa.

Don haka da aka fara jifa, Maiguwa ya zargi Isaka. Kwana huɗu yana laɓe jikin katanga da magariba. A na huɗun ya hango Isaka na shiga masallaci, daidai lokacin da dutse ya wuce ta gefen kunnensa, daga cikin gidan shi Maiguwan.

"Malam, mi ka yi ma kurnar nan?" in ji Fatsima.

"Ke ma kin fara?"

Daga nan ta daina haɗa ido da shi.

Washegari da safe, ɗiyarsu Mardiyya ta zauna a gindin katanga ta ƙi tashi. Ba ta amsa kira, sai tofar da yawu take yi, tana cewa bakinta ɗacin mai. Tsoro ya kama Maiguwa na gaske. Ya aika garin Karofane aka ɗauko Malam Ɗangana.

Malamin ya sa turare, ya daɗe yana karatu har rana ta yi ja. Sannan ya ce, "Wa ke nan?"

Muryar tsohuwa ce ta fito daga bakin yarinyar. "Mai kurna. Kakar mai gidan nan, Cima, nono take zuba min. Shi baƙin mai ya ba ni."

"Mi kike so ki bar yarinya?"

"A kada katanga."

"Kada katanga ba ya maido icce," in ji malamin.

Muryar tsohuwar ta sake fitowa.

"To a bar min ƙofa inda gindina yake, a dasa wata. Kuma shi tahi shi wanke Isaka, a wurin da anka ɓata shi."

"Ƙofa dai na yarda," in ji Maiguwa, "amma maganar meri..."

Numfashin Mardiyya ya sarƙe, idanunta suka kafe. Fatsima ta dube shi, karo na farko cikin kwana biyu. "Ɗiyarka, ko sunanka?"

Ya ce ya yarda. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta kwanta.

Da hantsi ya tsaya a meri ya faɗi abin da ya yi, kansa a ƙasa. Isaka ya saurara har ƙarshe, ya sa hularsa, ya fita.

Jifa ta tsaya. Mardiyya ta ce ba ta tuna komai. Sai dai wata rana, yana kallonta tana ba ƙaramar kurnar ruwa a bakin sabuwar ƙofa, Maiguwa ya tuna ranar da ya zuba man: ana daka a bayan zana, taɓarya ta yi shiru, ba ta ci gaba ba sai da ya gama rufe ramin.

Har yau bai tambayi Mardiyya ko ita ce ke dakan ba, don bai san wace amsa zai fi tsoro ba.